Malam Audi Ya Shiga Ajin Faransanci

Malam Audi mutumin Pauwa ne, ya fi shekara ashirin yana sayar da maganin dabbobi a kasuwar Ƙanƙara. Ya yi allo, ya yi yaƙi da jahilci, har Turancin jikin kwali yakan lallaɓa ya karanta. Abin da ya gagare shi shi ne wani maganin tsutsar ciki da ke shigowa ta Maraɗi. Baƙaƙen boko ne sak, amma in ya haɗa su ba sa ba da ma'ana, ga wasu 'yan ƙahonni a saman wasulan.

Da ya ji Malama Zulfa, mai koyar da Faransanci a wata sakandare, ta buɗe ajin manya bayan la'asar, sai ya sa kwalin a aljihu ya je. Su tara ne, shi kaɗai ne mai furfura. Nan take ta karanta masa rubutun: kada a ba tunkiya mai sabon ciki.

"To, Baba, buƙata ta biya," in ji ta.

"A'a, Malama. Na ga kalma mai baƙi shida, uku kika faɗa. Sauran ina suka tafi?"

Ta ce ba a furta su. Ya ce to don mi aka rubuta su? Ta yi dariya, ta ce ya dawo Asabar.

Ya dawo, ya kuma sha wuya. Ya kasa sautin da ake fitarwa ta hanci, har ya riƙa toshe hancinsa da yatsu yana gwadawa a rumfa, wani Bafulatani ya tambaye shi ko mura ce. Gwajin farko uku ya ci cikin ashirin. Ranar da aka gaya musu rana namiji ce a Faransanci, wata kuma mace, ajiye biro ya yi.

"Malama, su can wata rana suke gani daban?"

Da ya koma gida ya ba matarsa Safara'u labari. Ta ce, "Malam, mutanen da suka juya rana da wata, ka bi su a hankali."

Bayan wata biyar, wani mai fataucin raguna daga Nijar, Mani, ya tsaya a rumfarsa. Malam Audi ya gyara hula. Ya jero gaisuwar Faransancin da ya daɗe yana haddacewa, ya faɗi sunansa da garinsu, ya tambayi lafiyar iyali. Mani ya saurara har ƙarshe.

"Baba, ka yi haƙuri, ni ban yi boko ba. Amma wallahi kamar a rediyo."

Ashe Mani Buzu ne. Kafin ya tashi, Malam Audi ya tambaye shi yadda suke kiran rago da rijiya da gishiri a Buzanci, ya rubuta da ajami a bayan littafinsa na Faransanci.

Gwaji na biyu ya ci takwas. Huɗu daga cikin 'yan ajin sun daina zuwa da damina ta faɗi. Shi kuwa yakan zo daga gona da taɓo a ƙafa, ya wanke a bakin famfo, ya zauna a bencin gaba saboda kunnensa na hagu ya fara nauyi.