Mai Rufe Famfo

Shekara uku ina tashi daga Suleja da sassafe, in bi motar haya zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje a Abuja, inda nake binciken digirina na biyu a kan furotin. Tun rasuwar Inna mu biyu ne a gida, ni da Baba. Tela ne, ciwon baya ya sa ya ajiye keke.

Duk yamma in na dawo sai ya ce, "Wai ke, me kike leƙawa ne a can kullum?"

Ni kuwa ga gajiyar hanya, ga ɗagawar 'yar boko. Sai in zuba masa Turanci, in rufe da, "Baba, ba za ka gane ba." Yakan yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a. A hankali ya daina tambaya, ban ma lura ba.

A unguwarmu ruwan famfo ba shi da rana. Kowa barin famfonsa yake a buɗe, da bokiti a ƙasa, don a ji tarinsa in ruwa ya zo. Baba ke jin tarin, ya cika randa da jarkoki, ya rufe. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin aiki ba.

Ya rasu ƙarshen damina. Masu zaman makoki suka watse, na koma aiki, na bar famfo a buɗe yadda muka saba. Wata Laraba na dawo na tarar da ruwa har zaure. Takalminsa na alwala ɗaya na bakin ƙofa yana yawo a kan ruwan. Na rufe famfon, na tsaya ƙafafuna a jiƙe, sai ga bayanin ya zo mini da Hausa, tiryan-tiryan. Na faɗe shi da ƙarfi.

"Baba, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana karɓar saƙo. In saƙon ya iso, haske ne a ido ko tsoro a zuciya, akwai furotin da ake kira G, shi ke buɗe famfo. Yakan rufe da kansa, amma da jinkiri, sai an yi ɓarna. Shi ya sa yake da wani a gefe, ana ce masa RGS, aikinsa kawai ya hanzarta rufewar. Wanda babu shi a idonsa, in ya fito rana daga ɗaki sai ya daɗe bai gani sosai ba. Wannan mai rufewar nake leƙawa, Baba."

Ko minti biyu bai kai ba. Da yana raye, da ya gane sarai, har ya tsokane ni ya ce ashe aikinmu ɗaya. Kunya da kewa suka rufe ni, na tsaya ina jiran tambayarsa ta gaba. Da na gaji da jira na ɗauko tsintsiya na fara korar ruwan.