Hannun Baba na Hagu

Babanmu direba ne. Tun kafin a haife ni yake jan motar wani kamfani, har ya yi ritaya. Mutum ne da zai yafe maka zagi, amma ba zai yafe maka zuba wa inji baƙin mai na banza ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayi babur, ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Kullum da safe yana tsugune a tsakar gida da tsumma, Mama na cewa ko ita ba ta taɓa samun wannan gata ba.

Bara ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu. Ya warke, likita ma ya ce zai iya hawa, amma tsoro bai sake shi ba. Ranar da zai koma kan babur, da kansa ya yi masa juye, ya zuba man da ya fi yarda da shi, irin wanda ya saba zuba wa mota.

Ba a jima ba abu ya ɓaci. In ya zo hawan bayan kasuwa sai inji ya yi ta ihu, babur kuwa da ƙyar yake jan jiki. Baba ya yanke wa kansa hukunci, wai yatsunsa na hagu, masu riƙe kuloci, su ne suka sandare, ba sa sakinsa gaba ɗaya. Bai gaya wa kowa ba, sai dai in gan shi yana dunƙule hannu yana buɗewa. Rannan ya miƙo min makulli ya ce, "Ki sa a sayar. Hannun nan ya gama aiki." Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Muka kai wa bakanike ya duba kafin a nemi mai saye. Ya hau ya zaga, ya dawo yana girgiza kai.

"Baba, ni ma haka ya yi min. Kuloci ne ke zamewa. Wane mai kuka zuba?"

Baba ya faɗa masa sunan man, har da ɗaga kai.

"Ai shi ke nan! Mai ne mai kyau, amma na mota. Kulocin babur ɗin nan a cikin mai yake zaune, irin wannan kuwa santsinsa ya yi masa yawa."

"To, hannuna fa?"

"Me ya sami hannun naku?"

Baba ya zauna a kan benci ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na rasa ko dariya yake ko kuka.

Aka juye man, aka zuba na babur, aka canza faifan kuloci. Baba ya ce bari ya ɗan gwada. Ina tsaye na ga ya haye hawan nan fiu, ko waiwaye babu. Na yi ta jira, shiru. Can sai ga kiran Mama.

"Ke, kina ina ne? Ga babanki nan a ƙofar gida, ya ishe mu da oda!"

Da ƙafa na koma gida, cikin rana, ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Ban taɓa jin daɗin a manta da ni ba sai ranar.