Layun Sabi'u da Aka Ƙona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Sabi'u makwancinsa a Roni, kuma har yau idan aka ambaci sunansa a wasu majalisu sai ka ga an yi ɗan murmushin nan na gefen baki. Murmushin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba ta'aziyya zan yi ba, an yi ta tuntuni. Sunan aminina aka ɓata bayan ransa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ina zaune a wurin aka yi.

Sabi'u malamin firamare ne, ni kuma ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Tun muna sakandare a Kazaure muke tare, kuma abin da ya haɗa mu gem ne na hannu. Tsararrakina sun san shi, ɗan abin nan mai kamar sabulun wanki, wanda bulo ke gangarowa a gilashinsa kana jerawa har batir ya mutu. Ni da na girma sai na riƙa nuna wa duniya na bar shi. Sabi'u kuwa gaba ya ƙara, ya koma irin wanda ake cusa wa kaset a baya, kowane kaset da wasansa. Ya bi 'yan gwanjo a Kano, ya hau babur har kasuwar Babura don wani ɗan Nijar ya ce ya ga irinsu a cikin tarkacen rediyo. Duk Asabar da hantsi nakan je zaurensa, mu tura ƙyaure, magidanta biyu da gemu, muna ƙwace gem a hannun juna.

Danshin damina da kyankyasai suna lalata bakin kaset, shi ya sa ya kwashe su ya kai wa wani baduku ya ɗinka wa kowanne 'yar jaka ta jar fata. Baduku kuwa abin da hannunsa ya saba shi ya ɗinka. Da na gan su na yi dariya har da ƙwalla, don babu abin da ya raba su da layu sai igiyar ratayawa. Sannan yawancin waɗancan wasannin ba sa tuna inda ka tsaya. Idan ka gama mataki sai su nuna maka wasu haruffa da lambobi, ka rubuta ka ajiye, gobe ka shigar ka ci gaba. Sabi'u hannunsa ya fi gudu a ajami, kuma mutum ne mai son tsari, sai ya riƙa zana gida-gida a takarda yana zuba su ciki, ya ninke ya soka a jakar kowane kaset. Duk wanda ya taɓa ganin hatimi ya san abin da takardar nan ta yi kama da shi.

Jinyarsa ba ta kai mako biyu ba. Rana ta uku da rasuwar, Baffansa, ƙanin mahaifinsa da ya zo daga Gwiwa, ya sa aka fito da adakarsa zaure don a ga abin da ya bari. Aka fasa kwaɗo. Baffa ya ɗago jaka ɗaya, ya ɗago ta biyu, ya warware takarda, ya zaro kaset. Tsautsayi ya sa wanda ya zaro mai hoton wani dodo ne mai ƙaho da jajayen idanu, da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu.

Ya yi salati ya ce, "Ashe abin da yaron nan yake yi ke nan? Ana ba shi amanar 'ya'yan mutane, shi kuma yana tara wannan ƙazantar a ɗaka?" Sai ya juyo gare ni. "Malam Lawan, kai ne amininsa. Ka san da wannan?"

Ina zaune cikin babbar riga, kusa da surukina mai riƙe da sarauta, ga manyan ofishinmu sun zo gaisuwa, ga shi ba a daɗe da ƙara mini girma ba. Amsar gaskiya ita ce in ce na sani, kayan wasa ne, ni ma da ni ake yi. Gem ɗin kansa yana gidana a cikin durowa, na aro shi kafin ya kwanta, da kaset ɗaya a cikinsa, har da 'yar jakar kaset ɗin. Da na tashi na ɗauko, da magana ta mutu a nan take. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya jiƙansa, Baffa."

Aka kwashe su zuwa bayan gida aka zuba kananzir. Roba ta kama, baƙin hayaƙi ya tashi, ƙananan batiran da ke cikin wasu suka riƙa fashewa tas-tas, na ji wani yana cewa, "Kun ji su ko?" Matarsa tana cikin gida tana takaba, babu wanda ya leƙa ya tambaye ta. Da ta yi bayani daga baya aka ce ai dole mace ta rufa wa mijinta asiri. Abin da mutum ya yi shekara da shekaru yana tarawa ya ƙone kafin a kira la'asar, kuma kafin magariba labari ya kai Kazaure.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda zamani ya juya ba tare da kowa ya ji kunya ba. Yau jikokin masu hura wutar nan suna kwance a zaurukan kakanninsu da waya a hannu, suna harbin dodanni da suka fi na Sabi'u muni, babu mai cewa uffan. Samarin birni kuma sun tashi neman tsofaffin gem ruwa a jallo, suna jera su a kabad mai gilashi, suna ɗaukar hoto suna yaɗawa, ana yaba musu da sanin darajar kayan da. Na san abin da Sabi'u zai ce da yana nan. Zai ce wayar nan ba ta da maɓallin da babban yatsa zai ji ya danna, sannan ya tambayi masu kabad ɗin dalilin da ya sa ba sa kunnawa. Ba na jin zai yi fushi, don shi ba mai riƙo ba ne. Ni ne mai fushin, kuma na daɗe ina aika shi gidan da ba nan ya kamata ya fara sauka ba.

'Yarsa Hafsatu tana da shekara bakwai lokacin. Da sunan "'yar mai layu" ta tashi a Islamiyya, kuma ban taɓa jin ta kai ƙara ba. Watan jiya ta zo gaishe ni, ta zama budurwa, tana karatun jinya. Bayan mun gaisa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba Lawan, Umma ta sha gaya mini, amma ina so in ji daga bakinka. Da gaske Abba yana tsibbu?" Na buɗe durowa na ɗauko gem, na sa masa sabon batir, na warware takardar da ke cikin jakar kaset ɗin da ya tsira. Ita ta riƙa karanto haruffan da mahaifinta ya rubuta, ni ina shigarwa. Wasan ya buɗe daidai matakin da ya tsaya. Ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta ce, "Ni na yarda tun da. Baffa ya kamata ya gani, yana nan da ransa."

Muka je Gwiwa tare. Baffa ya tsufa ƙwarai, sai da ya kai gem ɗin dab da hancinsa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ina jiran ya yi gardama in sauke masa abin da na tara shekara goma sha ɗaya. Bai yi ba. Ya nemi gafarar Hafsatu yana kuka, ya ce a gaya wa duk wanda ya ji waccan magana cewa ya janye ta.

Idan na auna abin da ya rage na Sabi'u, ba shi da yawa: gem ɗinsa da kaset ɗaya, takarda ɗaya da rubutunsa bai dushe ba, ɗaliban da har yau suke cewa bai taɓa ɗaga musu bulala ba, da 'yar da ta fi ni ƙarfin hali. Ga masu murmushi, ku sani kayan wasa kuka ƙona, kuma ni Lawan da ni ake wasan duk Asabar. Na faɗa yau a jarida, inda surukaina da abokan aikina za su karanta, domin da za mu taso Baffa ya riƙe hannun rigata ya ce, "Ni rashin sani ne ya sa ni, Malam Lawan, kuma na tambaye ka a gaban mutane. Kai me ya sa ka?"