Amanar da Aka Bar wa Iya a Gindin Darbejiya

Matar da ta bar wa mahaifiyata jakar nan ban yafe mata ba, kuma ba na shirin yafewa. Malamai sun yi mini wa'azi, na ji, na gode. Ba abin da ke cikin jakar ne ya fi ƙona mini rai ba, kalmar da ta faɗa ce. Da ta yar da ita ta wuce, da sauƙi. A'a, sai da ta durƙusa har ƙasa, ta gaida tsohuwa da Kanuri, ta ce, "Iya, ga amana, yanzu zan dawo."

Iya ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye bayan Konduga muka ɗauko ta a shekarun da zama ya gagara. Kunnenta ɗaya ne mai ji, Hausarta kuwa ba ta wuce ta ciniki ba. Da zaman ɗaki ya ishe ta, sai ta samu gindin wata darbejiya a bakin titi wajen Wulari, tana kasa busasshiyar kuɓewa da kuka. A ƙauyensu in aka ce maka amana, ko gobara ta tashi ba ka matsawa sai mai ita ya dawo.

Ranar da hantsi ina ajin yaƙi da jahilci, da furfurata ina fama da baƙi da wasali, wayata ta yi ƙara. Mai faci ne, maƙwabcin Iya a bakin titin.

"Hajiya, ki zo yanzu. An bar jaka kusa da Iya, ga wayoyi sun leƙo ta bakin zif. Kowa ya watse, ita ta ƙi tashi. Na faɗa mata da Hausa, na faɗa da Kanuri, wai amana ce."

Ban san yadda na shiga keke napep ba. Na tarar an ja igiya an rufe titin, jama'a sun yi cincirindo a bayanta. Can nesa ga Iya ita kaɗai a inuwa, tana korar ƙuda daga faifanta. Sojoji sun kwanta bayan motarsu, bakin bindigoginsu na kallonta. A garin nan a lokacin, mace cikin hijabi, zaune kusa da jaka, an ce ta tashi ta ƙi, ba sai an faɗa maka abin da ake zato ba.

Na riƙe hannun rigar babbansu. "Uwata ce."

"Madam, koma baya."

"Ni ba madam ba ce, 'yarta ce. Ba ta jin Hausarku, ba ta jin kunne. Wanda ya harbe ta ya haɗa da ni."

Ana haka 'yan sandan kwance bam suka sauko da wani abu daga bayan mota. Bai fi baro girma ba, ƙafafunsa sarƙa irin ta tankar yaƙi, da dogon hannu a lanƙwashe a samansa, da ido na gilashi. Wani cikin jama'a ya ce kunama, sunan ya bi shi nan take. Mai tuƙa shi yana zaune a bakin mota, da akwati mai fuskar talabijin a cinyarsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya taɓa wata 'yar ƙaramar sandar tuƙi a jikin akwatin, kunamar ta kama hanya, ƙir ƙir ƙir, ita kaɗai a kan kwalta.

A cikin akwatin na ga fuskar Iya tana ƙara girma. Mai tuƙin ya yi magana, muryarsa ta fito can daga jikin ƙarfen: "Mama, tashi! Ki bar jakar!"

Iya ta dube shi sama da ƙasa, ta jawo faifanta, ta kaɗa masa hannu kamar mai korar akuya. Wasu suka yi dariya. Dariyar ta mutu a bakinsu, domin ɗaya hannun ta miƙa ta ɗora a kan jakar, kada wannan baƙon abu ya taɓa kayan mutane. Na ji ƙarar gyara bindiga.

"Ba ni in yi mata magana," na ce.

Mai tuƙin ya dubi babbansu, sannan ya miƙo mini abin maganar. "Yaya, a hankali. In ta firgita ta fizge ta, shi ke nan."

Na gaishe ta da Kanuri kamar na shigo ɗakinta da safe. "Wushe, Iya. Ya gajiya? Ya ƙafar?"

Ta waiga dama da hagu. "Ke ce? Me ya kai ki cikin ƙarfe?"

"Muryata ce kawai, ina nan bakin igiya. Iya, akwai mugun abu a jakar nan."

"Kin buɗe ne?"

"A'a."

"To ba a zargin kayan mutane. Mai ita yarinya ce mai ladabi. In ta dawo ba ta same ni ba fa? Gobe ƙiyama in ce me?"

Na san uwata. Da tsoro ba za ta tashi ba, ta ga abin da ya fi wannan a ƙauye.

"To ki ba ni amanar, ni zan riƙe."

"In miƙa wa wannan abin ya kawo miki?" Yatsunta suka nufi hannun jakar.

Mai tuƙin ya sauko da hannun kunamar sannu sannu, ya shiga da shi tsakanin yatsunta da jakar, ya tsaya cak, bai taɓa ko ɗaya ba. Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a.

"Kada ki ɗaga, Iya. Inda mai ita ta ajiye, nan za ta zauna. Da baki za ki ba ni. Na karɓa, ta koma wuyana, duniya da lahira."

"Wa ya shaida?"

Mai faci ya ɗaga murya daga bayana, da Kanuri, ya ce ya shaida. Na fassara wa babban sojan. Ya harare ni, ya sunkuyo kan abin maganar ya ce, "Mama, na shaida."

Sai ta tashi. Ta nemi takalmanta, ta kakkaɓe su. Ta ɗora faifai a ka. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawo kamar wannan ba, tsohuwa tana jan ƙafa a tsakiyar titi, ba wanda ya ko yi tari. Wata 'yar sanda ta laluba jikinta, sannan aka sake mini ita. Na rungume ta, ta ce in yi hankali da kuɓewarta.

Aka ƙara kora mu baya. Kunamar ta ajiye wani ɗan ƙunshi na tarwatsa bam kusa da jakar, ta fara ja da baya. Ba ta yi nisa ba jakar ta tashi. Ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata, ganyen darbejiya ya yi ta zuba kamar ruwa. Da hayaƙi ya lafa, ga kunamar can a kife, hannunta a karye. Inda Iya take zama ya koma rami.

Iya ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta ce, "Yanzu me za ki ce wa yarinyar?"

"Ki bari ta zo," na ce.

Da yamma muna cin tuwo ta sanar da ni gobe za ta koma gindin bishiyar, wai kada yarinyar ta dawo ba ta san amana ta sauya hannu ba. Ban yi musu da ita ba.

Washegari tun kafin ta idar da lazimi na kwashi tabarmarta da faya-fayanta, na shimfiɗa a ƙofar shagona na ɗinki a Moduganari, inda ina kan keken ɗinki ina ganin ƙeyarta. Na ɗauko gawayi, na hau kujera, na rubuta a bango daidai saman kanta, da karkatattun baƙaƙen da na koya da tsufana: BA A AJIYA A NAN. Ta fito tana faɗa, ta tambaye ni me na zana. Na ce mata duk mai amana ya shigo ciki ya same ni.