Ranar da Aka Karɓe Mini Makullin Ɗakin Ces

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da aka sa ni kwance makulli daga bakin zanena ba. Ku da kuka zo aikin nan bayanmu, kuna ganin yara a gindin darbejiyar bayan kicin da allon wasa a gabansu, kuna tsammanin haka aka tashi aka gani. To, ku gyara zama.

Lokacin ina mai shara a makarantar nan tamu ta 'yan mata. Sama da ni akwai metiron mai kula da ɗakunan kwanan yara, sama da ita akwai Bayis, wato mataimakin shugabar makaranta, shi ke raba ɗakuna da makullai da wuraren aiki. Ni kuwa daga gidana a Tudun Wada sai makaranta, daga makaranta sai gida. Ko biki sai an ja ni. Cikin ɗakunan da nake sharewa akwai wani ƙarami kusa da laburare, inda Malam Sanusi, malamin lissafi mutumin Rawayya, yake koya wa yara ces, wadda wasu ke ce wa darar Turawa. Kullum bayan la'asar ni ke buɗewa, in zauna bakin ƙofa da ɗinkin hulata har su tashi.

Ban iya wasan ba, bokona ma bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Yaranmu sun zo da halin 'yan darar ƙofar gida: ci kawai. Da sun ga soja, wato ƙaramin ɗan wasan, a sake sai su kai hannu, ko da sarkinsu zai kwana a fili. Malam sai ya kafa doka: kowace yarinya ta zauna a kan tafin hannunta, ba za ta zaro shi ba sai ta amsa tambaya biyu. Wa ke riƙe da tsakiyar allo? Cikin 'ya'yanki wane ne ke zaman banza, ina za ki nema masa wuri? Yakan ce wanda ya gyara zaman 'ya'yansa, ci ne zai zo ya same shi. Kuma gara kaɗan kullum da mai yawa ranar Asabar.

Wadda ta fi shan wannan faɗa ita ce Rabi, 'yar Karakkai. Kai gare ta kamar me, amma hannunta ya riga kanta sauri.

Ana shirin gasar makarantun Gusau da Tsafe da Bungudu, sai aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa Tsafe. Ko mako bai rufa ba Bayis ya kira ni ofis. Ya ce ɗakin za a zuba buhunan masara, allunan ces na makaranta za su koma sito, tunda babu malami zance ya ƙare. Wai dama dara aikin masu zaman kashe wando ce. Na tuna masa gasar yara. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Inna Kulu, ke mai shara ce ko mai horarwa?"

"Ranka ya daɗe, ɗaki naka ne, makulli naka ne. Amma bayan la'asar lokacin yara ne, shi ba buhu ba ne balle a kulle."

Nan take ya karɓi makulli, ya mayar da ni kicin wankin tukwane. Ya ce ya ƙara jin na tara yara, takardar tuhuma ce za ta biyo baya. Ga wanda bai sani ba, ƙaramin ma'aikaci irina in ta hau kansa, ƙafarsa ɗaya na waje.

Na yi kukana a bayan murhu, na share. Ashe Malam ya bar wa Rabi allonsa na kansa. Washegari bayan la'asar na kifa turmi a gindin darbejiya, aka ɗora allo, yara suka zauna a kan hannuwansu. Ina dirzar tukunya ina jefo musu tambayoyin Malam, har da irin muryarsa. Rabi ta ce, "Inna, ke hwa ba ki san doki ba, ba ki san jaki ba." Na ce ban sani ba, amma na san ƙarar hannun da ya yi gaggawa, ta mayar da shi inda yake.

Metiron ta ja ni gefe, ta ce in rufa wa kaina asiri, ina da bakunan ciyarwa. Na ce na gode, amma yaran nan ba sata suke yi ba. Da Bayis ya zo ya tsaya a kanmu yana tambayar wa ya ba da izini, na gaishe shi da ladabi, ban ajiye soso ba. Na ce turmi na kicin ne, ni ma yanzu ta kicin ce, allo na Malam ne, lokaci na yara. Ya kai ƙara wurin shugaba. Hajiya shugaba ta zo da kanta, ta daɗe tsaye tana kallon yara tsit, ba mai ko tari. Ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin 'yan ajin nan sun yi shiru ba a ce musu ba. Ta juya abinta. Ba ta ce a ci gaba ba, ba ta ce a bari ba. Muka ci gaba, rana ko hadari.

A babban ɗakin taronmu aka yi gasar. Na laɓe jikin taga da hannu duk sabulu. Allah da ikonsa, aka haɗa Rabi da wata ɗalibar Malam ta Tsafe, shi kuma yana tsaye can baya, doka ta hana shi magana. Yarinyar ta turo soja ɗaya ta bar shi a sake. Na ga hannun Rabi ya ɗago. Sai ta tsaya, ta mayar da shi ta zauna a kansa. Can ta zaro shi, ta bar sojan nan, ta ɗauko dokinta da ke rakuɓe a gefe ta kawo shi tsakiya. Ban san me hakan ke nufi ba. Amma na ji Malam ya yi ɗan gyaran muryar nan da yake yi in abu ya yi masa daɗi, sai na koma wurin tukwanena da kwanciyar rai. Rabi ta ci wasan. A ƙarshe ta zo ta biyu, wata 'yar Bungudu ta fi ta.

Abin da na koya, aikin makaranta ba a makulli yake ba, a zuwa kullum yake. Babba na iya rufe ɗaki, ba ya iya rufe la'asar. Ku girmama na gaba, ku gaishe shi, amma kada ku ajiye soso.

Da masara ta ƙare, Bayis ya aiko masinja da makullin. Na ce a gaishe shi, a mayar masa. A da, can bakin ƙofar ɗakin, ɗinkin hula kawai nake yi, zaman banza. Da ya tura ni kicin, shi da kansa ya nema mini wuri.