Jandarma a Randar Inna

Wata Juma'a, a daminar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar bokonmu ta Malanville, na dawo gida a guje da ɗan tarwaɗa a cikin takalmina na roba. A kududdufin bayan gidanmu na kama shi, inda gulbi kan bar ruwa in ya ja baya. Bai kai ɗan yatsa ba, amma gashin bakinsa ya fi na jandarman bakin gada, don haka na raɗa masa suna Jandarma. Kakata Inna ta ba ni tsohuwar randa, ta kuma nuna mini abincinsa, wato tsutsotsin sauro masu wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta. Kullum da safe, kafin in share tsakar gida in ba awaki dusa, sai in ɗauki ludayi in bi kududdufai ina kwaso su. Ni da ke zagin sauro kamar ya cinye mini gado, sai ga ni ina murna duk inda ya yi ƙwai.

Ana haka zazzaɓi ya kwantar da ƙanwata Hadiza. Ta warke, amma Kawu Isa, ɗan kabu-kabu, ya rantse sai ya ga bayan sauro. Ya bi kududdufan unguwa yana tsiyaya musu baƙin man moto. Tsutsotsi suka mutu, kwaɗi suka yi tsit, mazari ya daina shawagi. Jandarma ya ƙi tsakin gero, ya ƙi tuwo, ya lafe a gindin randa yana ramewa. Na yi kuka har da majina. Inna ta dubi ɗanta ta ce, "Isa, ka kashe sauro, madalla. To, mi kihin ɗiyag ga za shi ci?"

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya goya ni a moto, wato babur ɗinsa, Jandarma cikin ƙwarya a cinyata, ruwa yana fantsama, muka nufi fadamar shinkafa ta Garou inda baƙin mai bai kai ba. Raina bai so rabuwar ba, amma na karkata ƙwaryar. Jandarma ya kaɗa wutsiya, ya afka wa tsutsotsi, ko waiwayo bai yi ba. Kawu ya ce, "Kin ga butulu!" Muka dawo muna dariya.

Yanzu an cike kududdufan an gina shaguna, ba a jin kukan kwaɗo a unguwarmu. Yarana cikin gidan sauro suke barci, na kuma gode Allah. Kwanan baya ɗana ya tambaye ni ko duniya za ta yi asara in sauro ya ƙare ƙaƙaf. Na ce ni dai ba zan yi masa zaman makoki ba, amma na san wani mai gashin baki da zai kwana da yunwa.