Ku Sayi Naku

Babanmu mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in ya yi a bakin tebur ɗaya da gilashi maƙale a ido, kuma ko mataccen batir bai yarda a zubar ba. Tun da Mama ta rasu, taurin kan nasa ya ninka.

Intanet ɗin gidanmu ta wani akwatin kamfani yake shigowa, modem, da ke kan kabad a falo. Mama ce ta sa aka jawo shi. Ita ta raɗa wa waifai ɗin suna saboda maƙwabta masu roƙon lambar sirri: Ku Sayi Naku. Abin dariyar, duk layin sun san lambar, kuma a bakinta suka ji.

Da ofis suka ce in riƙa aiki daga gida, na sayo rauta, wani akwatin raba intanet, don sabis ya kai ɗakina. Sai akwatunan biyu suka sa zare, kowanne yana son ya zama shi ne mai raba sabis. Sau uku kira ya yanke mini a taro ɗaya, har shugabata ta fara yi mini magana a daƙile.

Na kira mai gyaran intanet. Ya duba ya ce, "Baba, direba biyu ba sa tuƙa mota ɗaya. Na kamfanin za mu mayar gada, ya karɓo kawai ya miƙa wa rauta. Waifai ɗinsa zai mutu."

Baba ya ce, "Har da sunan?"

"Har da shi."

"To a bar mini kayana."

Raina ya ɓaci. "Haba Baba! A kan suna za a kore ni daga aiki?"

Bai kalle ni ba, ya ci gaba da goge wani agogon da babu ko ƙura a jikinsa. Can ya ce, "Kullum da safe sai na buɗe waya na gan shi. Maganarta ke nan da ta rage a gidan nan."

Kunya ta rufe ni. Wata shida ina gidan ban lura ba.

Mai gyaran ya sosa ƙeya. "Ai sai mu kwashe sunan da lambar mu sa wa rauta, harafi da harafi."

Baba ya ja kujera ya zauna a kansa, kamar yadda masu agogo ke tsare shi a da. Aka gama, fitilun akwatunan suka dawo, amma bai yarda da bakin kowa ba. Ya buɗe aljihun teburinsa ya ciro wayar Mama. Ashe duk mako yana yi mata caji.

Ya kunna. Ba ta nemi lamba ba, ta kama da kanta.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ta gane gida."